*Chirurgeon*: Ƙanwar da Aka Ɗauka Uwa Ce

Duk wanda ya buɗe littattafan likitanci da aka buga a Ingila tsakanin ƙarni na 16 da na 18 zai yi ta cin karo da wata kalma mai nauyin baki, wato *chirurgeon*. Ma'anarta likitan fiɗa, abin da Ingilishin yau ke kira *surgeon*. Ƙamusoshin zamani suna yi mata alamar tsohuwar kalma da aka daina amfani da ita, kuma yanzu ba a cika ganin ta ba sai a alƙalamin marubutan ƙagaggun labarai masu son rubutunsu ya yi ƙanshin zamanin da. Daga nan mai karatu kan yanke wani hukunci da yake ganin ba ya buƙatar shaida: doguwar ita ce uwa, gajeriyar kuma 'yarta ce da bakin jama'a ya gutsure. Hukuncin yana da daɗin ji, amma tarihi bai goyi bayansa ba. Siffar da ta fi kama da tsohuwa ita ce ta zo daga baya. Yadda aka yi ta zo da yadda ta kwanta dama abu ne da ya kamata manazarta Hausa su tsaya a kansa, musamman masu aikin ƙamus da masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi, domin kuskuren da aka yi a kanta yana nan yana yawo a fagensu.

Tushen kalmar Girkanci ne, kuma ba shi da wani ɓoyayyen sirri. *Kheir* hannu, *ergon* aiki. Idan aka haɗa su sai a sami *kheirourgos*, mai aikin hannu, da *kheirourgia*, aikin hannu. A bakin Girkawa kalmar ba ta likitoci ba ce su kaɗai, tana iya hawa kan kowane mai sana'ar da hannu ke yi. Sannu a hankali ta keɓanta ga wanda ke warkarwa da wuƙa da ƙuna da ɗori. Rumawa suka are ta a matsayin *chirurgus* da *chirurgia*. Celsus, marubucin Rum na ƙarni na 1, ya kawo rabon likitanci gida uku: magani ta hanyar tsarin abinci, magani ta hanyar abin sha da na shafawa, sai kuma magani da hannu. Tun kafin shi, rantsuwar da ake jingina wa Hippocrates ta sa likita ya yi alkawarin ba zai tsaga mai tsakuwar mafitsara ba, zai bar wa masu wannan sana'a. Ke nan tun daga farko akwai katanga tsakanin mai tunani da mai yanka, kuma sunan mai yankan yana faɗin ɓangaren katangar da yake.

Larabawa da suka gaji wannan ilimi ba su ari kalmar ba, fassara ta suka yi. Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba ta Andalus wanda ya rasu wajajen shekarar 1013, ya rufe babban littafinsa *at-Tasrif* da maƙala ta talatin, wadda ke magana a kan *al-amal bil yad*, wato aiki da hannu, kalma bisa kalma kamar yadda Girkawa suka faɗa. A ƙarni na 12 Gerard na Cremona ya mayar da wannan maƙala cikin Latinanci a birnin Toledo, ta zama ɗaya daga cikin madogaran likitocin Turai na ɗaruruwan shekaru. Guy de Chauliac, wanda ya kammala babban littafinsa na fiɗa a 1363, ya yi ta ambaton az-Zahrawi. Daga baya Larabci ya fi karkata ga *jiraha* da *jarrah*, daga saiwar da ke nufin rauni, amma har yau yana kiran tiyata *amaliyya*, daga saiwar aiki.

A Turai kuwa kalmar ta bi hanyar da kowace kalma ke bi idan ta daɗe a baki. Sautin *k* da ke farkonta ya yi laushi a gaban wasalin *i*, har masu kwafar littattafan Latinanci na tsakiyar zamani suka riƙa rubuta *cirurgia*. Tsohon Faransanci ya sami *cirurgie* da *cirurgien*, da kuma *serurgien*. A Faransancin Normawa, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi a 1066, gaɓoɓi biyu na farko suka haɗe suka zama ɗaya, aka sami *surgien*. Wannan gajeriyar siffa ta shiga Ingilishi wajajen shekarar 1300. Chaucer, wanda ya mutu a 1400, ya yi amfani da ita, ya kuma yi amfani da *surgerye*. Doguwar *cirurgien* ma ta shiga Ingilishi a wannan zamani, suna tafiya tare. Abin da babu shi a lokacin shi ne *chirurgeon* mai *ch* a gaba da furucin *k*. Ita sai a ƙarni na 16 ta bayyana, bayan gajeriyar ta yi fiye da shekara ɗari biyu tana aiki a bakin Ingilishi.

Kafin a gane dalilin bayyanarta, sai an dubi halin da masu sana'ar ke ciki. A 1215 babban taron coci na huɗu da aka yi a Lateran ya hana manyan limaman coci yin duk wani aikin fiɗa da ya ƙunshi yanka ko ƙuna. A zamanin da ilimin littafi yake hannun coci, wannan hani ya ƙara nisanta wuƙa daga alƙalami. Likitan jami'a ya zama mutum mai doguwar riga da Latinanci, yana duba fitsari a kwalba, yana jin bugun jijiya, yana rubuta magani, amma ba ya ɓata hannunsa da jini. Tsaga maruru, cire haƙori, fitar da jini, ɗinke rauni da yanke ƙafar da ta ruɓe, duk suka koma hannun mutanen da ke koyon sana'a a shago a gaban maigida, kuma mafi yawansu masu aski ne, tun da su ne masu aska da hannun da ya saba da fatar mutum. A Landan likitocin jami'a suka sami kwalejinsu a 1518 ta ƙoƙarin Thomas Linacre. Masu fiɗa kuwa, a 1540, wata dokar majalisa ta zamanin Sarki Henry na Takwas ta haɗe ƙaramar ƙungiyarsu da babbar ƙungiyar masu aski, Thomas Vicary ya zama shugabanta na farko. Dokar ta ce mai fiɗa kada ya yi aski, mai aski kuma kada ya yi fiɗa ban da cire haƙori, ta kuma ba ƙungiyar gawa huɗu a shekara daga cikin waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa domin a feɗe a koyi tsarin jiki. A Edinburgh ta Sikotilan an riga an yi irin wannan haɗin tun 1505. Ko da yake doka ta raba aikin, suna ɗaya ya rufe su, kuma mai fiɗa mai ilimi ya zauna a zaure ɗaya da mai gyaran gemu har shekara ɗari biyu da biyar.

Wannan zamani ya zo daidai da lokacin da malaman Turai suka koma ga littattafan Girka da Rum da ƙishi mai tsanani, injin ɗab'i kuma, wanda Caxton ya kafa a Ingila a 1476, ya ba su damar ɗora ra'ayinsu a kan rubutun kowa. Suka dubi kalmomin da suka shigo ta Faransanci suka ga sun rame, suka ɗauki aniyar mayar musu da naman da suka rasa. *Dette*, bashi, aka cusa mata *b* don ta tuna da *debitum*, ta zama *debt*. *Doute*, shakka, ta zama *doubt*. *Faute*, laifi, aka saka mata *l*. *Iland*, tsibiri, wadda kalma ce ta gado da ba ta haɗa komai da Latinanci ba, aka liƙa mata *s* bisa zaton cewa daga can ta fito, kuma har yau yaran duniya suna wahalar haddace harafin da kuskure ya haifa. A cikin wannan guguwa aka ɗauki *cirurgien* aka naɗa mata rawanin Girka, ta fito a matsayin *chirurgeon*.

Masu fiɗa sun karɓi wannan rawani hannu bibbiyu, kuma ba a rasa gane dalili. Thomas Gale ya sa *Chirurgerie* a sunan littafinsa na 1563. Peter Lowe, wanda ya kafa ƙungiyar likitocin Glasgow a 1599, ya yi haka a nasa na 1597. Richard Wiseman, likitan fiɗar Sarki Charles na Biyu, ya kira littafinsa na 1676 *Severall Chirurgicall Treatises*. Amma shaidar da ta fi kowace bayyana al'amarin tana bangon littafin John Woodall na 1617. Woodall shi ne babban likitan fiɗa na kamfanin cinikin Gabashin Indiya, ya kuma rubuta littafin ne domin samarin da ke bin jiragen ruwa da akwatin magani. Sunan littafin *The Surgions Mate*, da gajeriyar kalma, domin ita yaran jirgi suka sani. Da aka zo wurin bayyana marubuci a ƙasan wannan bango, sai ya kira kansa gwani a fannin *Chirurgery*. Shafi ɗaya, mutum ɗaya, sana'a ɗaya: gajeriya ta yaran aiki, doguwa ta maigida. Shakespeare ma, wanda ya yi ta sa mutanen wasanninsa su nemi *surgeon* idan an sari wani, bai ɗauko doguwar ba sai a *The Tempest*, kuma a bakin mai ba'a ya sa ta.

A nan akwai abin dariya da masu rawanin suka kau da kai daga gare shi. Abin da ake goranta musu shi ne cewa su masu aikin hannu ne. Kalmar da suka fake da ita kuwa ba ta cewa komai sai wannan: mai aikin hannu. Sun sayi gorin da ake yi musu da tsada, don kawai an rubuta shi da harshen da mai aski ba ya ji. Wanda ya san Girkanci, wato likitan jami'ar da suke so ya girmama su, shi ne kaɗai zai karanta kalmar ya ga abin da ta ce. Darajar da ke cikinta ba ta ma'ana ba ce, ta wahalar furuci ce.

Da Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa a 1755, ya shigar da kalmomin biyu. A ƙarƙashin doguwar ya amsa cewa yawancin mutane *surgeon* suke furtawa, da dama kuma haka suke rubutawa. A ƙarƙashin gajeriyar ya bayyana ta a matsayin gurɓatacciyar siffar *chirurgeon* da hira ta lalata. Wannan shi ne wurin da ya fi cancantar a dakata, domin Johnson ba jahili ba ne, shi ne mafi girman masu ƙamusun Ingilishi na zamaninsa. Akwai ɗan gaskiya a maganarsa: baki ne ya gajarta kalmar. Sai dai ba bakin da yake zargi ba ne, ba kuma daga siffar da ya ambata ba. Gajartawar ta auku ne a Faransancin Normawa, shekaru ɗaruruwa kafin wani ya rubuta *chirurgeon* a Ingila. Johnson ya dubi kalmomi biyu, ya ga ɗaya ta fi kama da Girkanci, sai ya ɗauka ita ce ta riga zuwa. Ya auna shekarun kalma da kamanninta, kamar mai ƙiyasta shekarun mutum da girman rawaninsa. Ba shi da jerin shaidu masu kwanan wata da zai duba, saboda haka ya dogara da abin da ya ga ya dace, ya kuma ƙara da kalmar hukunci, gurɓata, wadda ba bayani ba ce, zargi ne.

Darajar da rawani bai kawo ba, wasu abubuwa ne suka kawo ta. A 1745 masu fiɗa na Landan suka rabu da masu aski, suka kafa ƙungiyarsu. John Hunter, wanda ya mutu a 1793, ya ɗora sana'ar a kan gwaji da binciken jikin mutum da na dabba. A 1800 ƙungiyar ta zama kwaleji da izinin sarki. Ranar 16 ga Oktoba 1846, a birnin Boston na Amurka, aka cire wa wani mutum ƙari a wuya a gaban jama'a bayan an shaƙa masa sinadarin da ya gusar da jin zafi. A 1867 Joseph Lister, yana Glasgow, ya wallafa yadda yake tsare rauni daga ruɓa da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Daga nan mai fiɗa ya daina zama mutumin da ake kira idan an fid da rai. Abin lura shi ne sunan da kwalejin ta 1800 ta ɗauka: *Royal College of Surgeons*. Da girma ya zo na gaske, da gajeriyar kalma aka karɓe shi, wadda aka ce ta gurɓace. Har yau kuma likitocin fiɗa na Birtaniya, idan sun ci jarrabawar kwalejin, sukan ajiye laƙabin dokta su koma *Mr*, ko *Miss* ko *Ms*, laƙabin da aka bar musu a zamanin da ba su da digirin jami'a. Abin da ya kasance alamar ƙasƙanci ya zama abin taƙama, ba tare da an sauya masa ko harafi ɗaya ba.

Adalci ne a faɗi abin da ke hannun masu kare asali, domin ba kullum suke faɗuwa ba. *Debt* da *doubt* sun zauna daram. A *fault* harafin da aka cusa ya yi nasara har baki ya koma furta shi. A Faransa gyaran ya ci gaba ɗaya, yau *chirurgien* kowa ke cewa. Jamusanci yana da *Chirurg*, Italiyanci *chirurgo*, yayin da Sifaniyanci ya riƙe *cirujano* yadda baki ya sarrafa ta. Ko a Ingilishi doguwar ta bar zuriya a wuraren da ba a furta ta kullum. An kafa wata ƙungiyar likitoci a Landan a 1805 da *Chirurgical* a sunanta, ta rayu har 1907 da aka haɗe ta da wasu. Haruffan *Ch* da ke cikin digirin *MB ChB*, wanda jami'o'in Sikotilan ke bayarwa, haka kuma Jami'ar Ghana da Makerere da Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife, ragowar kalmar ce a siffarta ta Latinanci. Siffar malamai tana da amfani a takardar shaida da hatimi, inda ake son kalma ta tsaya cik ta ƙetare iyakokin harsuna. Inda ta gaza shi ne a wurin da ake buƙatar kiran mutum da gaggawa. *Debt* ta tsira ne domin harafin da aka ƙara mata bai nemi komai daga harshe ba, ido kawai yake dama. *Chirurgeon* kuwa ta nemi soja da matuƙin jirgi da uwar da ɗanta ya karye su ƙara gaɓa su kuma sauya sauti a kalmar da suke kira da ihu. Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Hausa tana da alaƙa ta gaskiya da wannan labari ta fuska biyu. Ta farko ita ce sana'ar kanta. Wanzami shi ne takwaran mai askin Landan na 1540: yana aski, yana ƙaho, yana kaciya, yana cire beli, yana tsaga, yana da zabirarsa da askarsa, sana'ar tana da sarautarta ta Sarkin Aska. Bambancin shi ne a Ingila likitan fiɗa na zamani daga zauren masu aski ya fito, a ƙasar Hausa kuwa daga waje ya zo tare da asibiti, bai gaji wanzami ba. Shi ya sa da Bahaushe ya tashi raɗa wa sabon aikin suna bai leƙa zabira ba. Ya ɗauko *fiɗa* daga wurin mahauta, kalma mai faɗin gaskiya ba kunya, irin wadda masu rawanin Landan za su guje wa da gudu. Ya ɗauko *tiyata* daga sunan ɗakin da ake aikin. Turawa sun kira ɗakin *theatre* ne domin a da ɗalibai kan jeru a bisa matakala suna kallon malami yana yanka, kuma tushen kalmar Girkanci ne mai nufin wurin kallo. Hausa ta ɗauke sunan daga ɗaki ta ɗora shi a kan aikin, har ake cewa an yi wa wane tiyata. Duk mai son mayar da wannan kalma ga asalinta, gidan wasan kwaikwayo zai kai majinyaci. Sai ta uku, wadda ta fi su yawo a bakin mata da maza a ƙofar asibiti: an yi mata *aiki*. Ba kwamitin da ya zauna a kanta, amma ta faɗa daidai kan *ergon* na Girkawa da *amal* na az-Zahrawi. Kalmomi uku ke nan ga abu ɗaya, kowace da inda ta fi dacewa, kamar yadda *likita* ta Nijeriya ke zaune lafiya da *lokotoro* ta Nijar.

Fuska ta biyu ita ce ta Johnson, kuma ta fi ta farko nauyi. Hausa tana da nata Latinancin, wato Larabci, tana kuma da dubban kalmomin da baki ya sarrafa shekaru aru-aru. *Al-imam* ta zama *liman*, *al-kitab* ta zama *littafi*, *al-afiya* ta zama *lafiya*, *al-ƙadi* ta zama *alƙali*, *al-wudu'* ta zama *alwala*, *farida* ta zama *farilla*. Waɗannan sauye-sauye suna da ƙa'ida: harafin *ladi* yana komawa *l*, *al-* ta Larabci tana narkewa cikin jikin kalma, ƙarshen kalma yana samun wasali. Su ne shaidar daɗewar kalmar a ƙasa da hanyar da ta biyo. A 'yan shekarun nan, da ƙaruwar masu karatun Larabci na zamani, ana ganin siffofin da aka mayar kusa da asali suna shigowa: *Imam* a gefen *liman*, *Sheikh* a gefen *Shehu*, *Ramadan* a gefen *Ramalan*, da wata *h* da ake liƙa wa ƙarshen *salla* da *zakka* wadda ƙa'idar rubutun Hausa ba ta san da ita ba. Rabon aikin ma irin na bangon littafin Woodall ne. Mai jan salla a masallacin unguwa liman ne, wanda za a buga sunansa a takardar gayyata kuwa Imam ne.

Shigowar waɗannan siffofi ba laifi ba ce. Harshe yana iya riƙe tagwaye ya ba kowace aikinta, kuma *Shehu* da *Sheikh* sun riga sun fara raba gari. Karatun Alƙur'ani da lafuzzan ibada kuwa wani fage ne daban, inda kiyaye furucin asali yake wajibi, ba a kansa ake magana ba. Laifin yana wurin kalmar hukunci. A duk lokacin da aka ce a aji ko a kundin digiri cewa *alwala* gurɓatacciyar *wudu'* ce, ko *tiyata* lalatacciyar Ingilishi ce da ya kamata a nemo mata madadi mai tsarki, an maimaita abin da Johnson ya yi a 1755: an mayar da sarrafawa ɓarna, an kuma ɗauki baƙuwar jiya a matsayin uwar gida. A cikin Hausa *liman* ce babba, *Imam* ƙanwa ce, duk da cewa a Larabci abin ya juya. Mai wannan zargi kuma ba ya jin haushi idan an kira shi *malam*, alhali ita ma *mu'allim* ce da baki ya lallasa. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Abin da ya warware wa Ingilishi wannan rikici ba gardama ba ce, tattara shaida ce. Babban ƙamusun Oxford, wanda aka fara fitarwa kashi-kashi a 1884 aka kammala a 1928, an gina shi ne a kan miliyoyin 'yan takardu da masu karatu na sa-kai suka aika wa James Murray da abokan aikinsa. Kowace takarda tana ɗauke da kalma ɗaya, da jimlar da aka same ta a ciki, da sunan littafi, da shekara. Da aka jera takardun *surgeon* da na *chirurgeon* bisa shekaru, babu sauran abin musu. Hausa tana da manyan ƙamusoshi, daga na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. An kuma yi aiki mai kyau a kan tushen kalmomi, tun daga nazarin Greenberg na 1947 a kan aro daga Larabci zuwa ƙamusun kwatance na Skinner na 1996. Waɗannan suna faɗin ma'anar kalma da inda ta fito. Aikin da ya rage shi ne na faɗin yaushe aka fara ganin ta a rubuce, da wace siffa, a alƙalamin wa, kuma wace kalma ta ture. Muddin ba a yi shi ba, duk mai magana a kan tsufan kalmar Hausa yana matsayin Johnson ne, yana auna rawani.

Kayan aikin suna nan. Akwai rubutattun waƙoƙin ajami na ƙarni na 19, akwai jerin kalmomin Schön na 1843 da ƙamusunsa na 1876, akwai na Robinson da ya fara fita a 1899 da na Mischlich na 1906, akwai littattafan gasar 1933, akwai kuma shafukan *Gaskiya Ta Fi Kwabo* tun daga Janairun 1939. Ba sai an jira kuɗin da za a yi harshen gaba ɗaya ba. Fanni guda ya isa somawa, kuma fannin asibiti ya dace, domin kalmominsa sun shigo ne a zamanin da ake da rubutu mai kwanan wata. Ɗalibin digiri na biyu zai iya bin *Gaskiya* fitowa bayan fitowa, yana rubuta kowane wuri da *fiɗa* ko *tiyata* ko *aiki* ta zo da ma'anar yankan likita, tare da jimlar da ranar bugu, wani kuma ya zauna da tsofaffin wanzamai ya ɗauki sunayen kayan zabira da na kowace irin tsaga tun masu su suna raye.